Kafin Ka Ɗora Manhaja, Tambayi Hatimin Wa Ke Kanta

  Ina gaida mutanen Banyo, na cikin gari da na rugage. Ina gaida na Mayo-Darle da na Bankim. Gaisuwa ta isa Tibati da Ngaundere, ta gangara har Garwa bakin Binuwai. 'Yan uwanmu na Gembu, can kan tsaunin Mambila, ku ma sannunku da saurare.

Yau batun kwamfuta ne a gabanmu. Amma mai waya kada ya tashi, akwai rabonsa a gaba. Iyayenmu da ba ruwanku da waɗannan na'urori, ku ma ku ɗan ba mu kunne. 'Ya'yanku ne ke riƙe da su. Sau da yawa kuma kuɗinku da takardunku ne a ciki.

Magana ɗaya na zo da ita. Kafin ka ɗora manhaja a kwamfutarka, ka san hatimin wa ke kanta. In kuwa kwamfutar ta ce ba ta gane hatimin ba, kada ka rufe mata baki. Za ku ji na maimaita wannan kafin mu rabu.

Bari mu fara da abin da ya kawo maganar.

Kwamfuta ta yawaita a hannun yaranmu. A ƙarshen 2017 gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'a ƙananan kwamfutoci, cikin guda 500,000 da aka yi alkawari. Ga kuma na gwanjo da ke shigowa ta Duwala da ta Najeriya. Da yawa daga cikinsu sun tsufa. Wasu kuma cikinsu ƙarami ne. Windows na zamani kan yi musu nauyi. A watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba Windows 10, kuma tsofaffin na'urori da dama ba sa iya ɗaukar wanda ya gaje shi. Shi ya sa za ka ji mai gyara ya ce, bari a sa mata Linux.

Shawara ce mai kyau. Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara ta a birnin Helsinki a 1991. Kyauta ce. A buɗe take. Kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa jama'a. Daga nan aka sami iri-iri. Akwai Debian, tun 1993. Akwai Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Akwai Linux Mint, akwai Fedora.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙofar da mai gyara don alheri ya shiga, ita ce mugu ma zai shiga. Yana iya ɗaukar manhaja ta gaskiya, ya cusa mata abin da ke kwashe kalmar sirri, ya mayar da ita yadda take. Suna ɗaya. Hoto ɗaya. Tana buɗewa, tana aiki. Ido ba ya bambance su.

Ku tuna kuma abin da ke faruwa lokacin ɗora manhaja. Kana rubuta sudo. Kana sa kalmar sirrinka. A wannan lokacin ka ba ƙunshin manhajar cikakken iko a kan na'urar. Yana iya karanta komai, ya goge komai, ya ɓuya inda ba za ka gan shi ba. Da hannunka ka ba shi izini.

Yanzu mu dubi yadda manhaja ke isowa Banyo.

Data tsada ne da ita. Layi yakan zo, yakan tafi. Wuta ma haka. Faifan Ubuntu guda ɗaya ya kai giga da yawa. Wa zai zauna saukar da shi a waya, ya yi nisa, layi ya katse? Saboda haka manhaja hannu da hannu take zuwar mana. Ɗalibi ya kwafo a Ngaundere. Abokinsa ya karɓa a filash. Mai shago ya karɓa daga abokin. Kafin ta iso gare ka ta bi ta kwamfutoci da yawa, kuma ba ka san ko ɗaya ba.

Ba na zargin kowa a cikinsu. Taimakon juna ne, kuma da shi muke rayuwa. Amma mai ba ka filash ɗin shi ma ba shi aka yi. Zai rantse maka mai kyau ce, kuma da zuciya ɗaya zai rantse. Rantsuwar tasa ba ta shiga cikin fayil ta duba ba.

Mu mutanen Banyo mun san kasuwa. Garin nan ya ga fatauci tun zamanin ayarin goro. Ku dubi kasuwar shanu. Baƙo ya zo da sa mai kyau, ga kuma rahusa. Mai hankali ba ya miƙa kuɗi don san ya burge shi. Sai ya tambaya, wa ya tsaya masa? Wane dillali ne ya san mai shi? Domin in ta bayyana na sata ne, kyan san ba zai fitar da kai ba. Wanda ya tsaya shi ake nema. Manhaja ma tana da mai tsaya mata. Shaidar tsayawarsa ita ce hatimi, wato sa hannun da ake yi da lissafi.

Bari in yi muku bayanin yadda hatimin yake, a hankali.

Mai fitar da manhaja yana da mabuɗi biyu. Tagwaye ne, lissafi ya haɗa su. Ɗaya na ɓoye ne, ba ya barin hannunsa. Ɗaya na fili ne, yana raba wa duniya. Da na ɓoye ake buga hatimi. Da na fili ake duba shi. Na fili ba ya iya buga hatimi, dubawa kawai ya iya. Don haka ko mutum miliyan ke riƙe da shi, ba mai iya yin jabu da shi.

Akwai abu na biyu, kuma shi ne mai ban sha'awa. Hatimin a ɗaure yake da abin da ke cikin fayil ɗin. A canza harafi ɗaya tak, hatimi ya lalace. Ba a ɓamɓare shi daga wannan fayil a manna wa wancan. Saboda haka hatimi mai kyau yana gaya maka abu biyu. Wanda ke riƙe da mabuɗin ɓoye ne ya fitar da wannan kaya. Kuma ba wanda ya taɓa shi a hanya.

Wannan ilimi ba jiya aka fara shi ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka bayyana tunanin mabuɗi biyu a Amurka a 1976. A 1991 Phil Zimmermann ya kai shi hannun talakawa da manhajarsa ta PGP. A 1997 wani Bajamushe, Werner Koch, ya fara GnuPG, wadda ake kira da umarnin gpg a Linux har yau. Mu ma a Kamaru doka ta san shi. Dokar tsaron intanet ta ranar 21 ga Disamba 2010 ta ba ingantaccen sa hannun na'ura ƙarfi irin na sa hannun biro. Hukumar ANTIC ce ke riƙe da tushen shaidar a ƙasa. Mabuɗan Debian ko Ubuntu ba daga hukumar suke fitowa ba, amma lissafin iri ɗaya ne.

To, ina kwamfutarka take samun mabuɗin fili? Yana zuwa ne tare da Linux ɗin da aka sa mata tun farko. Duk lokacin da ka ce wa apt, wato mai ɗora manhaja a Debian da Ubuntu, ya kawo maka manhaja, ba ya ɗauko ta kai tsaye. Yana fara karɓar wata takarda daga rumbun Debian ko na Ubuntu. Takardar tana ɗauke da hatimin rumbun. Ya duba hatimin da mabuɗin da ke hannunsa. A cikin takardar akwai lambar shaida ta jerin kaya. A cikin jerin akwai lambar shaida ta kowane ƙunshi. Ƙunshi ya iso, apt ya auna shi, ya gwada da lambar. In sun dace, ya ɗora. In ba su dace ba, ya tsaya. Debian ta shigo da wannan tsari cikin fitowarta ta 2007, kuma tun daga nan ya zama ƙa'ida.

Duk wannan aiki a ɓoye yake gudana, cikin ƙiftawar ido. Ba ka biya ko sisi ba. Mai gadi ne da aka ba ka kyauta.

Yanzu ga albishir, musamman gare mu da ke nesa da manyan birane. Ku saurara da kyau. In akwai hatimi, hanyar da kaya ya biyo ba ta da muhimmanci. Ya zo ta filash ɗin ɗalibi, ya zo ta motar Tibati, ya kwana a kwamfutar wanda ba ka sani ba. Duk ba komai. Ka duba hatimi. In ya yi daidai, abin da ke hannunka shi ne abin da ya fito daga masu shi, harafi da harafi. Ba sai ka ƙona data ka sake sauke giga biyar ba. Dubawar ma ba ta buƙatar layi, muddin mabuɗin da hatimin suna hannunka. Don haka ban ce ku daina karɓa hannu da hannu ba. Ku ci gaba. Ku dai duba hatimi.

Mu juya ga wuri na farko da ake samun matsala, wato faifan farko.

Na ce mabuɗin yana zuwa tare da Linux ɗin da aka sa tun farko. To, in shi faifan farkon ne na jabu fa? Wannan ya taɓa faruwa. Ranar 20 ga Fabrairu 2016 aka yi wa shafin Linux Mint kutse. Masu kutsen suka karkatar da masu saukewa zuwa wata na'ura a ƙasar Bulgeriya. Can suka ajiye faifan Linux Mint 17.3 da suka yi wa ɓarauniyar hanya. Shugaban aikin, Clément Lefèbvre, shi ya fito ya sanar da duniya, ya ce duk wanda ya sauke na jabun a ranar ya lalata faifan.

Ga darasin da ke cikin labarin. Shafin yana ɗauke da lambar shaida da mutum zai gwada faifansa da ita. Amma wanda ya iya canza faifan a shafi, zai iya canza lambar a shafin. Kuma an canza ta. Mai dubawa ya gwada, ya ga sun dace, hankalinsa ya kwanta. Jabu ce ta shaidi jabu.

Saboda haka ku bambance abu biyu. Lambar shaida tana gaya maka fayil bai lalace a hanya ba. Hatimi ne ke gaya maka wa ya fitar da lambar. Lamba ba tare da hatimi ba, rabin aiki ce.

Ga yadda ake cika aikin. A wajen Ubuntu akwai ƙananan fayiloli biyu kusa da faifan. Ɗaya sunansa SHA256SUMS, shi ke ɗauke da lambobin. Ɗayan sunansa iri ɗaya, amma ƙarshensa gpg, shi ne hatimin. Dukansu biyu ba su kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. Ka sauke su ko da layi ya yi rauni. Ka fara da gpg, ka ce ya duba hatimin. In kwamfutarka da Faransanci take, za ta ce maka Bonne signature, ko kuma Mauvaise signature. In ta ce mai kyau ne, sai ka auna faifan da umarnin sha256sum. Zai ba ka haruffa da lambobi 64. Su dace da abin da ke cikin takardar. Masu sababbin fitowar Linux Mint an sauƙaƙa muku. Danna dama a kan faifan, akwai wurin tantancewa.

Saura tambaya ɗaya, kuma mai kaifin hankali zai yi ta. Shi mabuɗin da zan duba da shi, ta yaya zan san na gaskiya ne? Kowa na iya ƙirƙirar mabuɗi ya rubuta masa sunan Ubuntu. Gaskiya ne. Shi ya sa kowane mabuɗi ke da zanen yatsa, haruffa da lambobi 40. Wannan zanen ne ake gwadawa, ba sunan ba. Kuma a gwada shi dukansa. A da ana duba takwas na ƙarshe kawai. A 2014 masu bincike suka nuna ana iya ƙera mabuɗin jabu mai ƙarshe iri ɗaya cikin ɗan lokaci. A 2016 aka ga irin wannan jabun da sunan Linus Torvalds kansa.

Ka nemi zanen yatsan daga wuri fiye da ɗaya. Ka duba a waya, ka duba a wata kwamfutar da ka riga ka yarda da ita. In sun zo ɗaya, ka rubuta shi da biro a littafinka. Masu shagon gyara, ku manna shi a bango. Aikin rana ɗaya ne, amfaninsa na shekaru. Masu gina Debian sun daɗe da al'adar haɗuwa ido da ido, su duba takardar shaidar juna, su karanta wa juna zanen yatsa, kafin wani ya shaidi mabuɗin wani. Ba su raina wannan mataki ba, mu ma kada mu raina shi.

Mu matsa zuwa wuri na biyu. Wannan mutane da yawa ba su san shi ba.

A gidan Debian da Ubuntu da Mint, hatimin yana kan takardar rumbu ne. Ƙunshi guda da ya rabu da rumbunsa, irin mai ƙarewa da deb, in ka danna shi sau biyu, ba wanda ke tambayarsa hatimi. Shiga kawai yake yi. A gidan Fedora hatimin yana jikin kowane ƙunshi, kuma kana iya duba shi da umarnin rpm. Amma a can ma sai ka kula, kada ka ɗauka an duba maka.

A watan Satumba na 2023 masu bincike na kamfanin Kaspersky suka tona wani abu. An yi wa shafin wata manhaja mai suna Free Download Manager kutse. Tsakanin 2020 da 2022 shafin ya riƙa tura wasu masu Linux zuwa ƙunshi na jabu. Ƙunshin yana kwashe kalmomin sirri da abin da mutum ya adana a manhajar shiga intanet. Shekaru aka yi ba a farga ba. Waɗanda abin ya shafa daga shafin masu manhajar suka shiga, ba daga wani lungu ba.

Mene ne mafita? Duk manhajar da ke cikin rumbun Linux ɗinka, ɗauke ta daga rumbun. In ƙunshin a filash ya zo, akwai dabara. Masu gyara sun san ɗakin ajiyar da apt ke tara kayan da ya sauke. Zuba ƙunshin a can. Sabunta jerin kaya da 'yar data kaɗan. Kafin ka ce wa apt ya ɗora, auna ƙunshin da sha256sum da kanka.  In lambarsa ta dace da wadda ke cikin jerin mai hatimi, sai ka ɗora. In ba ta dace ba, goge shi. Ka tsira da datarka, ka tsira da na'urarka.

In kuma dole sai ka ƙara rumbun wani kamfani, ka ɗaure mabuɗinsa ga rumbunsa kaɗai. Akwai kalmar da ake rubutawa don haka, signed-by. Tsohuwar hanyar apt-key tana ba baƙon mabuɗi ikon shaidar komai a na'urarka, shi ya sa aka yi watsi da ita. Shi kuwa umarnin nan mai layi ɗaya, wanda ke jawo rubutu daga intanet ya zartar da shi nan take da cikakken iko, cinikin biri a sama ne. Sauke shi tukuna. Karanta, ko ka ba wanda ya iya ya karanta.

Yanzu mun zo zuciyar maganar. Me za ka yi in kwamfuta ta yi ƙorafi?

Ka san yanayin. Mai kaya na tsaye a kanka yana jira. Batir na ƙarewa. Allo ya cika da rubutu, ɗorawa ta tsaya. Sai wani ya ce maka, akwai kalmar da ake sawa ta wuce. Eh, akwai su. Akwai trusted=yes. Akwai allow-unauthenticated. Akwai nogpgcheck. Suna aiki kuwa. Ƙorafin zai ɓace, manhaja ta shiga. Amma ba ka warware komai ba. Mai gadin ka kora. Wasu daga cikin kalmomin nan ma a rubuce suke zama a na'urar, duk abin da ya biyo baya daga wannan rumbu haka zai riƙa wucewa ba tambaya.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin ƙorafin nan maganinsu mai sauƙi ne. Na farko, agogo. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan batir kamar kwabo a cikinta, shi ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, da wuta ta ɗauke sai na'urar ta koma shekarun baya. Hatimi kuwa yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Sai apt ya ce takardar nan lokacinta bai yi ba tukuna. Gyara kwanan wata. Canza ɗan batirin. Shi ke nan.

Wani lokaci za ka ga NO_PUBKEY. Ma'anarsa kwamfutar ba ta da mabuɗin wannan rumbu. Nemo shi daga masu shi, gwada zanen yatsa, sannan ka sa. Wani lokaci mabuɗin ne wa'adinsa ya ƙare, sai a karɓo sabo. Wani lokaci kuma lambobi ne ba su dace ba. A irin layinmu, galibi saukewar ce ta yanke a tsakiya. Goge, sake saukewa, ko ka canza rumbu. In ka sake, ka sake, har yanzu tana cewa hatimi ba shi da kyau, to bar kayan nan. Gaya wa mai kaya ya dawo gobe. Fushinsa na yini ɗaya ya fi sauƙi a kan asarar da za ta biyo baya.

Na sake faɗa. In kwamfuta ta ce ba ta gane hatimin ba, kada ka rufe mata baki.

Amma dole in gaya muku iyakar hatimi, don kada in bar ku da rabin gaskiya.

Hatimi yana gaya maka wa ya fitar da kaya. Ba ya gaya maka halin mutumin. In dillalin da kowa ya yarda da shi ne ya ci amana, shaidarsa za ta wuce. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da abin da ya girgiza masu Linux. Ya lura shiga wata na'urarsa ta nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Rabin daƙiƙa. Bai ƙyale ba, ya bi sawu. Ya tarar da ɓarauniyar hanya a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke amfani da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya dasa ta. Ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa mai aikin, Lasse Collin, har aka ba shi ikon fitar da kaya. Kayan da ya fitar suna da hatimi, kuma hatimin daidai yake.

Allah ya taimaka, an kama abin kafin ya shiga tabbatattun fitowar Debian da Ubuntu da yawancin jama'a ke amfani da su. Ya tsaya a na gwaji. Kuma da yake kowane kaya yana da mai shi a rubuce, an san waɗanne fitowa biyu ne za a janye, an san daga hannun wa suka fito. Mabuɗi ma ana iya kaiwa gare shi. A 2008 an kutsa cikin na'urorin kamfanin Red Hat, har aka buga hatiminsu a kan wasu ƙunshi. Fedora ta canza mabuɗanta a wannan shekara don kariya.

Me wannan ke koya mana a aikace? Rage yawan waɗanda ka ba amana. Kowane rumbun da ka ƙara, mutum ne ka ƙara a cikin masu iko da na'urarka. Zauna a kan tabbatacciyar fitowa in ba gwaji kake yi ba. Kuma ka riƙa sabuntawa, domin gyaran ɓarna ta wannan hanya mai hatimi yake zuwa.

To, mai waya, ga rabonka.

Android ɗin da ke hannunka a kan Linux aka gina shi. Kowace manhajar waya tana da hatimi. Amma a karon farko waya tana karɓar hatimin kowa, muddin ka ba ta izini. A wajen sabuntawa ne take tsanantawa, sai hatimin sabo ya zo ɗaya da na tsoho. Shi ya sa wani lokaci abokinka zai turo maka manhaja ta Xender, waya ta ƙi ɗora ta a kan wadda kake da ita. Sai a ce maka, goge tsohuwar, sa wannan. Tsaya. Mai yiwuwa wayar tana gaya maka ne cewa hannu biyu daban suka fitar da su. Irin su GB WhatsApp ba kamfanin WhatsApp ne ya buga musu hatimi ba, kuma kamfanin ya sha gargaɗi a kansu. A wannan wayar ce kuɗinka na Orange Money da MoMo suke. A nan saƙon lambar sirri ke shigowa. Manhajar kuɗi, daga Play Store kaɗai za ka ɗauke ta.

Kafin in sallame ku, ina da roƙo.

Masu gyaran kwamfuta na Banyo da Tibati da Garwa, ku ne ƙofar gari a wannan fanni. Filash ɗaya a hannunku yana shiga na'ura ɗari. A wannan mako, ku zauna ku tantance faifan da ke cikinsa. Ku kwafi takardar lambobi da hatiminta ku ajiye kusa da shi, duk wanda ya karɓa ya karɓa tare da su. Ku buɗe jerin rumbunan na'urorin da kuka taɓa gyarawa, in kun ga trusted=yes, ku cire.

Malaman kwamfuta a makarantunmu, Allah ya saka muku. Ku ware darasi guda ku nuna wa yara wannan da hannu. Ku canza harafi ɗaya a fayil, su ga hatimi ya lalace da idonsu. Ɗalibanmu na Ngaundere da Garwa da Marwa, in za ku zo hutu da sabon faifai, ku duba shi tun can inda layi ke da ƙarfi.

Alhaji da Hajiya, in za ku kai kwamfutar shago ko ta yaro wajen gyara, ku yi tambaya ɗaya. Malam, ka duba hatimin abin da ka sa mini? Mai gyara na ƙwarai zai ji daɗin tambayar, zai nuna muku a allo.

Nan za mu dakata.  Allah ya tsare mana dukiyarmu da sirrinmu, ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mun sake haɗuwa. Ku huta lafiya.